Mai Shafa Ƙafafun Ɓeraye

Abin ya faru ranar Laraba, sha huɗu ga watan Maris, ƙarfe shida da kwata na yamma. Ba na shakkar lokacin, domin tun a makarantar mishan aka saba mini da duba agogo kafin in buɗe ƙofa, har abokan aiki suke ce mini Baba Agogo.

Aikina gwada ɓeraye ne. Maganin da ake ɗura wa masu ciwon daji yakan kashe ciwon, amma ya bar wa mutum wuta a jijiyoyin hannu da ƙafa. Likitar da nake wa aiki, sa'ar 'yata ce, tana neman abin da zai kashe wannan wuta. Akan yi wa fararen ɓeraye allurar wancan maganin dajin har ƙafafunsu su fara zogi. Rabinsu a ba su sabon maganin, rabi ruwan gishiri kawai, ni kuwa ba a gaya mini wane ne wane ba. Sai in ɗora su a kan raga, in zura wani siririn zaren roba ta ƙasa in taɓa tafin ƙafar kowanne. Wanda ya fizge ƙafa, zoginsa na nan. Wanda bai fizge ba, ya sami sauƙi.

Na daɗe da yin ritaya. Matata ce ta sa na dawo. Ta warke daga ciwon daji, amma ko zanin rufa ba ya iya taɓa mata yatsun ƙafa. Har yau Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce tsufa ya ci mini ido.

A makon nan ɓerayen duka suka daina fizge ƙafa. Duka, har da na ruwan gishirin.

Likita ta ce, "Baba, ko dai hannun ne ya tsufa?"

Na ce, "Yarinya, hannun nan ya girmi mahaifinki a aiki."

Ta yi dariya, amma idonta ya kawo ruwa. Ta ce in Juma'a ta zo ba a ga bambanci ba, za a rufe gwajin, a ce maganin da ruwan gishiri duk ɗaya ne. A safiyar Larabar kuma na iske wani ɓera yana cin ɗan yatsansa, hankali kwance, ba ko kuka. Wannan ba sauƙi ba ne. Shi ya sa na koma da yamma, lokacin da ɓeraye ke tashi, don in sake gwada su ni kaɗai.

Mai gadi ya tafi alwala. Na sa farar riga da safar hannu, na bi dogon barandar na tura ƙofa.

Jar fitila kaɗai ke ci a ɗakin, don ba ta damun ɓeraye. Kullum akwai ƙaraf-ƙaraf na haƙora da warin garin katako. Ranar babu. Shiru, har ina jin agogon hannuna. Ga wani wari mai sanyi, irin na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ɓerayen suna kan raga, a jere. Ni ban ɗora su ba.

A ƙarƙashin ragar, inda kujerata take, wata mata ce tsugune.

Ta ba ni baya. Gashinta ya sauka har ƙasa. Yatsunta dogaye ne, sirara, suna shiga ƙofofin ragar da ko tsinke da ƙyar yake shiga. Tana shafa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ta shafa sai ya sake jiki, idonsa ya tsaya cak. Ita kuma ta kai yatsan baki ta tsotsa.

"Ka dawo da wuri," in ji ta, ƙasa-ƙasa, ba ta juyo ba.

Na karanta abin da na iya karantawa a zuci, sannan na ce, "Baiwar Allah, ba a shiga ɗakin nan ba farar riga."

Ta yi wata dariya kamar ana jan busasshen ganye a siminti.

"Ku kuke zuba musu wuta, ni ina kwashewa. Wane ne mugu a cikinmu?"

Na ce, "Wutar kam mu muka zuba, kuma Allah zai tambaye mu. Amma ke ba wutar kaɗai kike kwashewa ba. Mayar musu da abinsu."

Sai ta juyo. Ba zan kwatanta fuskar ba. Baki dai na gani, jiƙe.

"Akwai wata a gidanka," in ji ta. "Ina jiyo ƙamshin ƙafafunta tun daga nan. Ba na shiga gida sai an kira ni. Ce mini zo, kawai. Yau za ta yi barci."

Na tuna yadda Amarya ke cizon matashi don kada ta tashe ni. Kalmar ta zo har bakin haƙorana.

A kan ragar, ɓeran nan ya ci gaba da cin yatsansa. Ƙas. Ƙas.

Na ce, "Ba za ki zo ba."

Ta kama hannuna na dama.

Ba zafi. Abin tsoron ke nan. Yatsuna suka ɓace mini, sai tafin hannu, sai gwiwar hannu. Ina kallonsu, amma kamar na wani ne. Ciwon kafaɗar da na yi shekara da shekaru ina fama da shi ya tafi. Wani daɗi ya fara hawa zuwa ƙirjina.

"Ka ji?" in ji ta. "Haka matarka za ta ji."

Zaren gwajin yana aljihuna na hagu. Ban san wani aiki ba sai wannan. Na zaro shi, na sunkuya. Ƙafarta tana nan a siminti, ba takalmi, a kumbure, tana sheƙi.

Na taɓa tafin, a hankali, har zaren ya ɗan lanƙwasa, yadda ƙa'ida ta ce.

Ta fizge ƙafa.

Ihun da ta yi ba na murya ɗaya ba ne. Duk zogin da ta haɗiye, na ɓeraye da na waɗanda ban sani ba, yana cikinta a cunkushe, ko gashi ba ta iya jure ya taɓa ta.

Na sake taɓawa.

Na ce, "Mayar musu!"

Fitila ta fashe. Ɓerayen suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Wani abu mai sanyi ya bi ta tsakanin ƙafafuna ya shige magudanar ruwa.

Da rarrafe na fito. Mai gadi ya tsince ni a baranda.

Da na isa gida na iske Amarya zaune, ƙafafu a kan matashi. Na gaya mata komai, har da tayin da aka yi mini.

Ta ce, "Ka iya yanke hukunci da ƙafar wani, Agogo."

Na ce, "Haka ne."

Ta ce, "Da ka kawo mini ita, da kai da ita zan haɗa in kora. Zauna, kana tare mini iska."

A daren ma ba ta yi barci ba. Na zauna tare da ita.

Ran Juma'a rabin ɓerayen suka fizge ƙafa da ƙarfi, rabi suka fizge kaɗan. Ba a rufe gwajin ba. Mai gadi ya bar aikin, haka ma matar da ke wanke kejin da ɓerayen ke kwana a ciki, wadda ta ce tana jin ana kiranta daga magudanar.

Waɗanda suka rage su ne: Likita, wadda ba ta yarda da labarina ba, amma ta sa an toshe magudanar da siminti. Ɓerayen, ban da mai cin yatsansa, wanda ya mutu na binne da kaina. Amarya, da wutarta, tana jira. Sai ni, da hannun dama wanda ba ya jin ruwan zafi, ba ya jin na sanyi, ina koya wa na hagu aiki.