Fitilar da Ta Ƙi Gyaruwa

Ran da yarinyar ta fara shigowa shagon gyaran rediyonsa, Injiniya na riƙe da ƙarfen dalma, har ya ƙona yatsa bai ji ba. Fitilar karatun mahaifinta ta kawo. An yi wa tsohon aikin ido, hasken ƙwayayen LED ɗin na sa shi hawaye.

Abu mai sauƙi. Ya ciro maɓallin murɗa sauti daga wata matacciyar rediyo, ya haɗa da resista, ya nuna mata: dama haske ya ƙaru, hagu ya ragu. Ita kuwa hannunsa take kallo.

Bayan kwana uku ta dawo, wai fitila ta mutu. Ya buɗe, waya ɗaya ta tsinke, ya liƙe. Mako na zagayowa, ga ta kuma. Sau biyar! Ya auna da mita, ya sake resista, ya zargi batir, har ya koma zargin kansa. Shi da ake kawo wa talabijin daga nesa, a ce 'yar fitila ta gagare shi? Hira dai ta yi nisa, har ta fara ce masa Injiniyana.

Da kawunsa ya je nema masa aurenta, mahaifinta ya ce ina! Wanda fitila ta fi ƙarfinsa, da me zai riƙe gida? Ga ɗan amininsa ma na jira.

Injiniya ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya tura mata saƙo: "Haskena, wallahi na kasa gane kan fitilar nan. Aikina ne zai raba ni da ke."

Amsa ta zo: "Ka zo gida da la'asar. Bar kayan aiki a shago."

Da ya iso, a gaban mahaifinta ta durƙusa, ta ajiye fitilar da ɗan ƙaramin almakashi.

"Baba, ni nake tsinke wayar. Ba ni da wani dalilin zuwa shagon."

Injiniya ya dubi almakashin, ya dube ta, ya ma rasa fushi zai yi ko murna.

Tsohon ya murɗa maɓallin hagu, ya murɗa dama, dariya ta ƙwace masa.

"Sau biyar kana gyara ɓarnarta ba ka kore ta ba? Ai ka riga ka iya zaman aure. Na ba ka. Allah ya yi muku albarka."

Bayan wata biyu aka ɗaura. Almakashin kam tsohon ya hana ta tafi da shi.