Makullin Ɗaki Mai Lamba Sha Huɗu

A falon Raihana, can bayan tashar mota a Dogon Dutsi, akwai wani makulli rataye a ƙusa kusa da hoton bikinta. Tsoho ne mai nauyi, da ƙulun tagulla kamar ƙwan zabo, an zana lamba sha huɗu a jiki. Ba ƙofar da yake buɗewa a gidan. Duk baƙuwar da ta zo sai ta tambaya, ita kuwa sai ta yi murmushi ta ce wannan ƙarfen ya kusa raba ta da uban 'ya'yanta. In kana da girki a kan wuta gara ka tashi tun a nan, don Raihana ba ta iya gajarta labarin ba.

Shekara tara ke nan da abin ya faru. Raihana ɗiyar Malam Sambo ce, Bafillacen da ke da ruga a yamma da Sukukutane, kuma ita ce mace ta farko daga can da ta taka jami'ar Yamai. Ilmin kiwon dabbobi ta karanta. Mahaifinta yakan zolaye ta cewa shekara biyar ta yi ana koya mata abin da ƙaninta ya sani tun bai yi wayo ba, amma kowa ya san a ransa ba shi da kamarta.

A Yamai ta haɗu da Salman, malamin lissafi a wata sakandare. Dogo ne siriri, rigarsa kullum a goge kamar za a ɗauke shi hoto. Asalin iyayensa Tibiri, duka sun rasu. Ta san mahaifinsa wanki da guga ya yi, amma Salman bai taɓa gaya mata a ina ba, don Allah ya yi shi da zurfin ciki, irin wanda ke sa mace ta ji kamar ta girgiza mutum. Kawunsa ya kai goron tambaya ruga, Malam Sambo ya karɓa, amma ya ce ba zai yanke magana ba sai ya zo Yamai ranar da Raihana za ta kare kundin digirinta, ranar da ɗalibai ke kira sutnans. Yana son ya ga yaron da idonsa, ya ga inda yake kwana.

Inda Salman yake kwana kuwa ɗaki ɗaya ne a gidan haya, shi da abokansa biyu, katifa uku a ƙasa. Da Raihana ta nuna damuwa sai ya yi dariya.

"Pa de problem, ba damuwa, Raiha. Na daɗe da sanin inda zan sauke Baaba."

Ranar da tsohon ya iso, Salman ya tare shi a tasha, ya durƙusa har ƙasa, ya karɓi jakarsa, taksi ta kai su wani tsohon otel a bakin kogin Kwara. Wanda bai ga wurin nan a lokacin ba an bar shi a baya. Farin gini ne tun na zamanin Nasara, da dogayen barandu da matakalar katako mai ƙara in an taka. Fankoki na juyawa a hankali kamar ba su so, jemagu sun cika itatuwan mangwaro, bango duk hotunan manyan baƙi ne na da. Daga saman bene kana hango masu kwalekwale da gada, da ginin jami'a a ƙetaren ruwa.

Wata budurwa a teburin karɓar baƙi ta nemi katin shaidar Malam Sambo, ta rubuta sunansa a babban littafi, ta miƙo masa makullin ɗaki mai lamba sha huɗu. A gindin matakala Salman ya tsaya. Kunyar suruki ta hana shi hawa, ya ce Baaba ya huta gajiya, ya juya. Raihana ce ta raka shi sama.

Tsohon ya dubi gado da farin zane ko lanƙwasa babu, ya dubi taga, sannan ya dubi ɗiyarsa.

"Gidan wa ne wanga?"

"Baaba, otel ne."

"Na jiya. Ina mai gidan, in gaishe shi?"

"Ai… ba haka ake yi ba. Biya ake yi a kwana."

Ya juya mata baya ya hau kwance buzunsa. Ita kuwa hankalinta na kan gobe, sai ta ɗauka gajiyar hanya ce, ta yi masa sallama ta koma makaranta.

Kwana biyu Malam Sambo ya yi a ɗakin nan bai taɓa gadon ba. Buzunsa ya shimfiɗa a ƙasa. Abincin da ake kawowa a faranti a ajiye a fita, ko murfin bai ɗaga ba, dabinonsa da furar da matarsa Inna Adama ta ƙulla masa ya yi ta ci. Sau biyu wani ya ƙwanƙwasa da sallama, ya amsa daga ciki bai buɗe ba. A wurin sutnans ya zauna a layin gaba, bai ji ko kalma ɗaya ta Faransanci ba, amma ya ji tafi, ya ga malamai sun miƙe tsaye don ɗiyarsa. Washegari ya ce ta haɗa kayanta. A tasha Salman ya sake durƙusawa, abin da ya samu kawai shi ne "madalla".

Sai da suka isa ruga, aka sha ruwa aka huta, sannan ya kira Inna Adama, Raihana na zaune a gefe.

"Na tahi garin da ban san kowa ba. Yaron ga bai kai ni gidanai ba, bai kai ni gidan ɗan'uwa nai ba. Ya kai ni inda aka biya a kwana, anka rubuta sunana ga littahi kamar sa a kasuwa, anka miƙo mini ƙarhe. Kwana biyu ba wanda ya zamna kusa gare ni. Wanda ya ji kunyar in ga tabarmatai, gobe ɗiyata za ya ji kunya. A maida musu goronsu."

Raihana ta yi kuka har muryarta ta dushe. Inna Adama ta roƙi arziki ɗaya, a dakata da maida goron har a cire amfanin gona, ya yarda da ƙyar. Fadila, ɗiyar ƙanwar Inna da ke sayar da atamfa a Dogon Dutsi, ta zo da tata shawarar. Mai dipulom kamar Raihana, a ce tsoho ya hana ta aure don an sa shi a ɗaki mai fanka? Ta ce Raihana ta shiga mota ta koma Yamai, malamai ba su ƙare ba, a ɗaura a can. Raihana ta ce auren da za ta tsallake ubanta ta yi, ba ta san wanda zai sa masa albarka ba.

Amma da ta hau tudun da ake samun rezo, wato sabis na waya, ta kira Salman, ba ta raga masa ba. Me ya hana shi kai Baaba ɗakinsu, ko da a kan katifar ƙasa ce? Wa ya gaya masa Bafillace na neman fanka? Ya ce laifinsa ne, kuma akwai maganar da ba ta waya ba ce, ba kuma ɗiya ce za ta kai wa uba ba. Ya roƙe ta ta jira shi har a ba da hutun makaranta.

Jira ba daɗi, kowa ya sani. Wata uku ta yi tana duba maruƙa, tana yi wa tumakin maƙwabta allura, tana kai wa mahaifinta nono da fuska a sake, in ta shiga bukka kuma ta share hawaye. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga masa maganar ba. Shi ma yana ganin yadda ta rame, yana kau da kai.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da baburan kabu-kabu biyu suka tsaya a bakin ruga. Salman ne da wani dattijo mai farar kaftani. Suka yi sallama, suka ce su baƙi ne. To, baƙonka annabinka, ko da kana fushi da shi. Malam Sambo ya ɗauko tabarma da hannunsa ya shimfiɗa a ƙarƙashin gawo, ya sa aka kawo nono, ya zauna tare da su bai gusa ba. Salman ya gane karatun da ake yi masa, ya sunkuyar da kai.

Bayan la'asar dattijon ya gyara zama. Ya ce sunansa Mani, mutumin Tibiri, shekara arba'in yana aikin wanki a otel ɗin nan. Raihana na bayan zana, tankaɗe take yi, amma rariyar ta tsaya cik a hannunta.

"Malam Sambo, uban yaron ga, Mahmudu, tare munka yi aiki shekara talatin da ɗaya. Bai taɓa mallakar gida ba, ba Yamai ba, ba Tibiri ba. Ɗan ɗaki anka ba shi bayan wurin wanki, nan anka haihi Salman, nan uwatai ta rasu. Zannuwan benen ga duka Mahmudu ka goge su, bai taɓa kwanciya bisa ko guda ba. In mun gaji mun zamna, sai shi nuna tagar sha huɗu, wadda ka kallon gulbi, shi ce, Mani, ranar da ɗana za ya nemi aure, can zan sauke surukinai, bisa zanen da na goge da hannuna. Muna yi mishi dariya. Allah bai nuna mishi ranar ba."

Can Malam Sambo ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, wa ya goge zanen da ya gani.

"Ni na goge shi, da dutsen gugar Mahmudu na gawayi. Ni ne na ƙwanƙwasa maka ƙohwa sau biyu. Da ka tahi na shiga, na iske gadon yadda na shimhiɗa shi. Ban hwaɗa ma yaron ga ba sai yau."

Salman ya ɗago, idonsa jawur.

"Baaba, ba ni da gidan uba sai can. Amma laifina ne. Na ba ka ɗaki, ban ba ka mutum ba. Na bar ka kai kaɗai ina ganin kunya ce. Ka gafarce ni."

Malam Sambo ya miƙe, ya ɗauki sandarsa ya shiga cikin shanu. Raihana ta ce a rayuwarta ba ta ga mintoci masu tsawon waɗannan ba. Da ya dawo bai koma wurinsa ba, kusa da Salman ya zauna.

"Ashe gidan ubanka ka kai ni. Mutum ya yi mini shimhiɗa tun shekaru kahin shi san ni, ni kau na kwana ƙasa ina hushi. Kai ba ka hwaɗa ba, ni ban tambaya ba." Ya juya ga Mani. "Goro ya zamna. Amma ba a ɗaura komi sai an maida ni ɗakin nan, kuma kai ne mai masaukina."

Rariya ta suɓuce daga hannun Raihana, gari ya watse. Inna Adama ta rangaɗa guɗa, sannan ta hau ta da faɗan ɓarnar gari.

Da kaka suka koma Yamai. Wannan karon ta ƙofar baya Mani ya shigar da su, aka shimfiɗa tabarma a tsakar wurin wanki, tsakanin igiyoyin shanya, matar Mani ta kawo tuwon gero da miyar kuka. Aka nuna wa Malam Sambo ɗan ɗakin Mahmudu, da zanen gawayi a jikin ƙofa inda yake auna tsawon Salman kowace sallah. Bayan azahar tsohon ya hau bene, Mani a gaba, Salman a baya, kunya ko ba kunya. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya ɗaga hannu ya yi wa Mahmudu addu'a mai tsawo, sannan ya hau gadon. Ya yi mita cewa laushinsa ya yi yawa, mutum sai ka ce a kan ruwa yake. Duk da haka sai da aka tashe shi sallar la'asar. Da safe ya kira Mani ya nuna masa zanen duk ya yamutse, ya ce, "Ga shaida, ka hwaɗa ma abokinka na kwana."

Sati uku bayan haka aka ɗaura aure a ruga. Daga baya aka yi wa Salman canjin aiki zuwa Dogon Dutsi, Raihana ma ta samu aiki a ofishin kula da dabbobi.

Otel ɗin yana nan, amma an sabunta shi. An cire matakalar katako, an rushe ɗakunan bayan wurin wanki, yanzu da kati ake buɗe ƙofa. Da za a zubar da tsoffin makullai Mani ya roƙi na sha huɗu, ya hau mota ya kai wa Malam Sambo har ruga. Tsohon ya ajiye shi a jakar fatar da yake adana takardun shanunsa. Bara waccan da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya ciro shi ya damƙa wa Raihana, ya ce ta rataye inda jikokinsa za su riƙa gani suna tambaya.

In ta kawo nan takan dubi ƙusar, sannan ta faɗi abin da take gaya wa kowace budurwa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mai yin alheri ya buɗe baki ya faɗi nufinsa, wanda aka yi wa kuma ya tambaya kafin ya yi fushi. Da ta bi shawarar Fadila, da ta samu miji ta rasa uba, shi kuma Mahmudu shimfiɗarsa ta tashi a banza. Haƙurin wata uku ne ya haɗa mata su duka.

Babban ɗanta sunansa Mahmudu. Malam Sambo ne ya raɗa masa da bakinsa.