Kunnen Jam'iyya

Ni mai aski ne. Shekara goma sha tara kan mutumin nan yana bi ta ƙarƙashin askata, don haka kada wani ya ce shaci-faɗi nake yi. Abin da ban gani da idona ba daga bakinsa na ji, bayan da bakin ya daina iya riƙe komai. Kuma gara in faɗa tun yanzu, ban yafe masa ba.

Mai Jaka muke kiransa, domin aikinsa ke nan: riƙe wa Shugaban jam'iyya na yankinmu jaka, buɗe masa ƙofar mota, yin dariya in ya yi raha. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, sauran an ce su je su huta. Ba ka samun rumfa a kasuwa sai da katinta. Ɗanka ba ya wucewa makarantar gaba sai da katinta. Gado a asibiti, takin gona, lasisin tuƙi, duk kati. Ranar taro a rufe shaguna, a lode mu a manyan motoci mu je mu yi tafi har tafin hannu ya yi ja. Ranar zaɓe hoto ɗaya ne a takarda. Amma duk da haka muna da abu guda da ba su ƙwace ba, wato bakinmu. A shagona, in aka saki labule, har kwaikwayon tafiyar Shugaba ake yi.

Mai Jaka ba ya dariya tare da mu. Yana zaune yana kallon kansa a madubi, yana cizon yatsa. Ya ce da ni wata rana, "Sa'o'ina duk sun gina benaye, ni ina nan ina bin bayan ƙato da jaka. Wallahi ko ta halin ƙaƙa sai na zama wani." Direban Shugaba ne ya raɗa masa wani boka da ake zuwa wurinsa.

Da tsakar rana ya je, rana na dukan ƙeya. Wurin tsohon gidan buga bulo ne a bayan gari, wanda aka daina aiki a cikinsa. Ɗakin bokan ba taga. A jikin ƙofar, don ku san irin zamanin, har shi an manna masa katin jam'iyya. Ciki sanyi kamar rijiya, ga ƙarnin jini da warin tsohuwar fata. An ɗaura igiya daga bango zuwa bango, an jera mata busassun kunnuwan dabbobi, na akuya, na kare, na jaki, da wasu ƙanana da Mai Jaka ya ƙi tsayawa ya duba na mene ne. A tsakiyar ɗakin an binne wani baƙin tulu har wuya, an rufe bakinsa da fata. Tulun yana wani irin gunaguni, kamar kasuwa in ka jiyo ta daga nesa.

Bokan ɗan siririn tsoho ne mai tsabtatacciyar riga, kai ka ce akawu ne. Bai amsa gaisuwa ba.

"Me ya kawo ka?"

"Kujera nake so."

"Kafinta yana bakin titi."

Mai Jaka ya ce, "Ina so in yi arziki. Ina so in na shigo wuri a miƙe tsaye."

"Yanzu ka yi magana," in ji bokan. "Jam'iyyarku ba ta sayen ƙarfi, tana da 'yan sanda. Ba ta sayen baki, tana da rediyo. Abin da ba ta da shi kunne ne. Zan ba ka kunne. Duk wanda ya aibata ta, ko a cikin bargo ne, za ka ji muryarsa, ka gane shi."

"Nawa zan bayar?"

"Mayar da aljihunka. Wadda ke cikin tulun nan ba ta cin takarda. Sharaɗinta ɗaya ne. Duk muryar da ka ji, ka rubuta sunan mai ita ka miƙa a ofis kafin kwana uku. In ka riƙe suna, za ta ɗauki wani a madadinsa, a ƙarƙashin rufinka."

Mai Jaka ya ce, "To in muryar daga gidana ta fito fa?"

"Akwai maƙiyin jam'iyya a gidanka?"

"Babu."

"To tsoron me kake ji?"

"A rage mini dai. A ce ban da dangi."

Bokan ya miƙe ya buɗe masa ƙofa. "Ga hanya. Akwai masu jira."

Kalmar nan ta masu jira ita ta kashe shi. Ya tuna da sauran 'yan koren Shugaba, ya hango ɗaya daga cikinsu a bene shi yana nan da jaka. Ya koma ya durƙusa.

Bokan ya yanka baƙar akuya a bakin tulun, ya yanke mata kunnen hagu ya ƙona shi har ya zama toka. Ya kwaɓa tokar da jinin, ya karɓi katin jam'iyyar Mai Jaka ya tsoma a ciki. Sannan ya kwantar da shi, kunnen hagu a kan fatar tulun, ya huda masa leɓen kunnen dama da wata doguwar allura, ya ɗiga masa baƙin ruwan nan a ciki. Mai Jaka ya ce ya ji abu mai sanyi ya gangara cikin kansa, ya zagaya, ya nemi wuri ya kwanta.

Bai kai gida ba ya ji muryar farko. Shugaban direbobin tasha ne, yana can wata unguwa yana cewa da abokinsa ya kamata su ajiye motoci har a daina kwasarsu kyauta zuwa taro. Mai Jaka ya rubuta. Washegari wata mota marar lamba ta tsaya a tasha.

Daga nan sai abin ya zama ruwan dare. Malamar asibiti da ta ce magani ya ƙare amma hotunan Shugaba ba sa ƙarewa. Mai nama da ya yi tsaki lokacin da ake karanta labarai. Liman, limamin coci, ɗan dako, duk wanda ya buɗe baki. Wanda aka ɗauka sai a soke katinsa, a rufe shagonsa, a kori 'ya'yansa daga makaranta, shagon kuma a miƙa wa Mai Jaka ladan aminci. Cikin shekara biyu ya mallaki rabin layin kasuwa, ya gina bene mai hawa uku, aka ba shi ofishin kula da biyayyar jama'a, da wani mai riƙe masa jaka.

Maƙwabcin shagona mai gyaran rediyo ne, aminina tun muna yara. Shi ne gwanin kwaikwayon tafiyar Shugaba. Ranar da ya yi na ƙarshe mu biyu ne kawai a shagon, labule a sake. Bayan kwana biyu aka zo aka tafi da shi da abin awon wuta a hannunsa. Matarsa har yau ni take zargi, ba ta amsa gaisuwata. Shi kuwa Mai Jaka, a makon ya zo aski, ya kalle ni ta madubi ya ce, "Ka iya bakinka, ina yabonka." Askar tana kan maƙogwaronsa. Allah ne kaɗai ya riƙe hannuna.

Garin ya yi tsit. Miji ba ya magana da matarsa sai a kan cefane. Uba yana tsoron ɗansa. In aka haɗu a hanya sai zancen zafi da ruwan sama. Jam'iyya ma ta rage 'yan sanda a titi, don ba ta bukatarsu, kowa ya zama ɗan sandan kansa.

A shekara ta uku muryar da ya jiyo ta ƙaninsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin makaranta. An sa shi aikin akwatin zaɓe, an ba shi takardar sakamako a cike tun kafin a jefa ƙuri'a. Yana ce wa matarsa, "Ba zan sa hannu a ƙarya ba. Ɓarayi ne, kuma Yaya karensu ne."

Mai Jaka ya riƙe sunan. Kwana ɗaya, kwana biyu. Ya ce a ransa ai tsohon nan tsoratarwa ce kawai yake yi. Rana ta uku da hantsi, autarsa 'yar shekara biyar tana wasa a tsakar gida, sai ta dafe kunnuwa ta ce, "Mama, wa ke kirana?" Ta faɗi. Kafin a kai ta mota ta cika, jini na fita ta kunnenta na dama.

Ana cikin zaman makoki muryar ƙanin ta sake zuwa. Wannan karon bai jira ba. Ya tashi daga kan tabarma, ya shiga ɗaki, ya rubuta. Bayan mako uku aka kawo gawar malamin da takardar likita mai cewa zazzaɓi ne. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce ba farce ko ɗaya a hannunsa.

Mahaifiyarsu tsohuwa ce da ba ta taɓa iya raɗa ba. A gaban masu gaisuwa ta dafa sanda ta miƙe ta tsaya a kansa.

"Kai ne ko?"

"Inna, ki yi shiru, don Allah ki yi shiru."

"Ba zan yi ba! Allah ya tsine wa jam'iyyar, ya tsine wa Shugabanta, ya tsine wa wanda ya sayar mata da ɗan'uwansa. Je ka rubuta ni!"

Mutane suka fara neman takalmansu. Mai Jaka ya dubi babbar 'yarsa, ita kaɗai ta rage masa, tana raba ruwa ga baƙi. Ya dubi tsohuwar. Ku da kuke ganin mutum ba zai iya ba, to ya iya. Da hannunsa ya rubuta sunan matar da ta haife shi. Ba ta ma kai ofishinsu ba, a bayan motar ta cika.

Matarsa ce ta gano komai, domin ta ga takardar a aljihun rigarsa kafin ya miƙa. Tun daga ranar ta daina magana, don tsoron kada wata kalma ta kuɓuce mata. Da ta ga ko a barci bakinta yana motsi, sai ta fara cusa tsumma a ciki ta ɗaure da ɗankwali. In an kwance ta yi ta ihu tana dukan kanta. Danginta suka zo suka ɗauke ta a ɗaure, suka tafi da 'yar ma. Ya saura shi kaɗai a bene mai hawa uku.

A nan ne, yana zaune shi kaɗai a kan tebur, ya ce da ƙarfi, "Allah wadaran jam'iyyar nan da ranar da na san ta." Nan take ya ji muryarsa ta dawo masa ta cikin kunnen dama, tar, kamar ta kowane mai laifi.

Ya figi mota ya koma gidan bulo. Ya tarar an shafe wurin da fenti, ga mai gadi da kaki a ƙofa. Bokan yana zaune yana shan shayi.

"Cire mini abin nan," in ji Mai Jaka. "Ka ɗauki gidan, ka ɗauki shagunan."

"Ba a cirewa."

"To 'yata fa? Ba ta ƙarƙashin rufina yanzu."

"Wa ke biyan hayar ɗakin da take kwana?"

Mai Jaka ya faɗi a kan gwiwa. "Zan rubuta sunana. Ba ni takarda."

Tsohon ya yi murmushi. "Huta. An riga ka. Kana tsammani kai kaɗai aka aiko mini? Kai ne na bakwai a garin nan. Wanda ke riƙe maka jaka shi ne na takwas, tun ɗazu ya miƙa sunanka. Shugaba ba ya barin kunne ba tare da wani kunnen yana saurarensa ba."

Ba su kashe shi ba, kuma da gangan suka yi. Suka soke katinsa, suka karanta sunansa a rediyo a matsayin maci amana, suka ba yaronsa gidan da shagunan. Suka riƙe shi wata biyu suna karɓar sunaye daga hannunsa, suka sako shi a bakin kasuwa da gajeren wando. Muryoyin ba su daina zuwa ba, ga shi ba ofishin da zai karɓi takarda daga hannun marar kati. Ya yi ta bin 'yan sanda a titi yana roƙo su saurare shi, suna korarsa da kulki. Kwana uku suka cika. 'Yar tana wanke wa mahaifiyarta kai a ɗakin nan da ya riga ya biya wa haya, ta dafe kunne ta faɗi.

Da labarin ya iske shi, ya tsinci ƙusa a bakin rumfar kafinta ya soka a kunnen dama, ya zare ya soka a na hagu. Ya kurmance ga duniya, amma abin da ke cikin kansa bai yi shiru ba. Shekara huɗu ya yi a kan juji bayan tasha, yana ƙwala sunayen mutane da abin da suka faɗa. In ya buɗe baki kowa sai ya watse, don ba ka san ko naka ne zai fito ba. Ba mai ba shi ruwa. Da ya mutu, motar shara ce ta ɗauke shi.

Jam'iyyar tana nan, ko gezau. Gidan bulon ma yana nan, kuma ina ganin samari masu guga a riga suna bin hanyar da tsakar rana, kowa yana ganin shi ya fi wayo, shi zai ci ya tsira. To ku ji ni da kyau, ku masu kwaɗayin hawa ta kan wuyan maƙwabtanku. Wanda ya saya muku bene da bakin mutane ba ƙaunarku yake yi ba, aiki yake da ku, kuma tun ranar da ya ɗauke ku ya tanadi wanda zai maye ku. Za ku fara da wanda ba ku sani ba, ku zo kan maƙwabci, ku ƙare da wadda ta goya ku. Ranar da kuka waiwaya neman mai cewa sannu, ba za ku sami kowa ba, domin duk kun rubuta su.