Ragowar Jiya a Gindin Kwalba

A gidansu kowa Walƙiya yake kiranta. Ba don haske ba, don sauri. Kafin ka gama aikenta ta kai ƙofa. Kafin ka ce, "Dawo ki ji saƙon," ta sha kwana. Kakarta ce ta raɗa mata sunan, ya kuma bi ta har makaranta.

Aikin Walƙiya na safe bai taka kara ya karya ba. Kullum Baba Mai Madara yakan tsaya da babur ɗinsa a ƙofar gida. Tsoho ne mai farin gemu, da garwa biyu ɗaure a bayan babur. Mama takan karɓi madara a tukunya, ta tafasa, ta sauke ta huce. Daga nan sai ta wuce shagonta na ɗinki.

Saura aikin Walƙiya. Ta wanke kwalba, ta juye madarar, ta rufe, ta sa a firji. Shi ke nan fa.

Madarar ta Kaka ce. Tun da Kaka ta dawo daga asibiti, likita ya ce ta riƙa sha safe da yamma don ta samu ƙarfi. Baba Mai Madara bai taɓa fashi ba. Ko ranar da aka wuni ana ruwa sai da ya zo, jiƙe sharkaf.

"Tsohuwa ba za ta kwana ba madara ba ina da rai," in ji shi.

To, wanke kwalba ne Walƙiya ta tsana. Bakin kwalbar ɗan tsut, soso ba ya shiga ta daɗi. Sai an zuba ruwa da sabulu an girgiza, an ɗauraye, an kife ta bushe. Ga mai sauri irin Walƙiya, wannan aikin shekara ne.

Ran nan da safe ta tarar da kwalbar a kan tebur. Nan ta kwana, ba a mayar da ita firji ba. A gindinta akwai 'yar ragowar madarar jiya, ba ta fi kurɓi biyu ba.

Walƙiya ta ɗaga za ta zubar, sai ta tuna maganar Kaka. Kullum Kaka takan ce, "Ba a zubar da abinci, albarka ce."

"Ai kuwa!" in ji Walƙiya. "Ba zan zubar da albarka ba."

Sai ta juye sabuwar madara a kan tsohuwar. Ga lada, ga hutu. Ta ma kafa baki a kwalbar ta kurɓa, wai ladan aiki. Ta cusa ta a jikin ƙofar firji, ta suri jakarta, fit!

Yayanta kuwa, firji ba ya hutawa a hannunsa. Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya sake buɗewa, kamar mai jiran baƙo ya fito daga ciki. Kowace buɗewa, iska mai ɗumi ta bugi kwalbar.

Da yamma Kaka ta tsiyaya madara a kofi. Ta duba, ta sake dubawa. Madara ta tsinke, ruwa daban, guda-guda daban. Tsami ya bugi hanci.

"Wannan madara ce ko audugar katifa?" in ji Kaka.

Ranar haka Kaka ta haƙura da ruwan shayi tsura.

Kashegari ma haka. Da yake madarar ta lalace, Mama takan tuttular da ita ta ajiye kwalbar a gefen famfo. Walƙiya kuma ba wanki take yi ba. Ta leƙa, ta ga ɗan fari-fari a gindi, ta ce albarka ce, ta juye sabuwa a kai. Kwana da kwanaki ana haka.

Mama mutuniyar kirki ce, amma zuciyarta kamar ashana take. Ƙyas ɗaya ta kama. Da Baba Mai Madara ya tsaya da safe, ta fito da kofin jiya a hannu.

"Baba, sansana wannan!"

Ya sansana, ya yamutsa fuska. "Subhanallahi! Maman Walƙiya, wannan ba haka na kawo ta ba. Da asuba ake tatso ta. Ita nake ba kowa a layin nan."

"To ni ce kake ba ta ƙasan garwa ke nan. Ina tafasawa da hannuna, ina da firji. Me ya rage? Tsohuwa mara lafiya za ka ba ruɓaɓɓen abu?"

Maƙwabciyarsu Mai Kitso ta leƙo ta taga. "Tawa dai lafiya lau take," in ji ta. "Amma Maman Walƙiya ba ta magana a banza. In ta daina saye, ni ma na daina."

"Ka dai ji," in ji Mama. "In ta yau ta lalace, kar ka ƙara tsayawa a ƙofata. Kuma sai layin nan kaf ya ji."

Baba ya auna madara, ya hau babur ɗinsa. Yau ko tsokanar da yake wa Walƙiya bai yi ba. Da can yakan ce, "Sarkin sauri, a ara mini ƙafa ɗaya mana!"

Walƙiya ta harare shi ta bayan Mama. A ranta ta ce, ashe mugu ne. Ta koma ciki, ta juye madara a kwalbar nan yadda ta saba.

A makaranta, darasin ranar kan adana abinci ne. Malama ta ce, "Wa zai faɗi abincin da ke saurin lalacewa?"

Kafin ta rufe baki hannun Walƙiya na sama.

"Madara, Malama! Amma tamu laifin mai kawo mana ne. Kullum kafin yamma ta yi tsami."

"To fa," in ji Malama. "Kuna tafasawa?"

"Mama na tafasawa."

"A me kuke zubawa?"

"A kwalba."

"Wankakkiya?"

Walƙiya ta ɗan sosa kai. "Ai madara ce a ciki, Malama. Madara ba datti ba ce. Ina zuba sabuwa a kan ragowar jiya, don kar a yi asara."

Malama ta dafe kai. Sannan ta yi murmushi, ta juya ga 'yan aji.

"Kun tuna makon da ɗaya daga cikinku ya zo da mura?"

"Mun tuna!" Aji ya ɗauka. Wani yaro a baya ya ce, "Har ke sai da kika yi atishawa, Malama!"

Aka kwashe da dariya.

"To haka madara take," in ji Malama. "Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana ce musu ƙwayoyin cuta. Suna son madara fiye da yadda kuke son alewa. Tafasawa na kashe su. Sanyi na sa su kasala. Amma ragowar da ta kwana a waje cike take da su. In ka zuba sabuwa a kai, ka kai mai mura cikin masu lafiya ke nan."

Walƙiya ta sake jefo tambaya.

"In kuma... in mutum ya kafa baki a kwalbar fa?"

"Ya ƙara musu 'yan'uwa. Bakinmu ma akwai su."

"Ƙofar firji fa?" Muryarta ta koma ƙasa-ƙasa.

"Nan ne sanyi ya fi ƙaranci, don kullum ana buɗewa. Can ciki ake tura madara, a rufe ta ruf. Kuma in an ɗiba, a mayar nan take."

Walƙiya ta zauna. Ranar ba ta sake ɗaga hannu ba. Fuskar Baba Mai Madara kawai take gani.

Da aka tashi, ta yi gudun da ko ita ba ta taɓa yi ba. Ta faɗa gida, ta buɗe firji, ta cire murfin kwalba. Tsami ya yi mata sallama. Ta makara.

Kaka na zaune a kan kujera tana kallonta.

"Ke, lafiya? Kare ya biyo ki?"

Walƙiya ta fashe da kuka. Ta faɗa wa Kaka komai, har da kurɓin.

"Ke ce kika ce ba a zubar da albarka, Kaka!"

"Ji 'yar nema! Da ni za ki raba laifin?" Kaka ta yi dariya har da tari. "Na ce kar a zubar. Ban ce a ɗaura wa tsohuwa da sabuwa aure ba. Ragowa tun tana da kyau ake shanye ta. In ta lalace kuwa, ba albarka ba ce kuma, ciwon ciki ce."

"Ki faɗa wa Mama mana."

"A'a. Hannun da ya zuba, bakinsa zai yi magana. Faɗan uwarki hadari ne, ya yi rugugi ya wuce. Amma in bawan Allahn nan ya rasa layin nan, da me zai ci da iyalinsa?"

Mama ta dawo a gajiye. Ta sansana kwalba, ta ce, "Shi ke nan, gobe za a yi ta ta ƙare." Walƙiya ta sulale ta shige ɗaki. Yarinyar da bakinta ya fi ƙafarta sauri, yau ko uffan.

Gari ya waye. Aka ji ƙarar babur. Mama ta fita ba tukunya a hannu. Mai Kitso ta fito, wasu maƙwabta ma suka tsaya da kwanoninsu.

"Baba," in ji Mama, "na gaya maka jiya. Jama'a ku shaida..."

"Mama, ni ce!"

Kowa ya juya. Walƙiya ce a bakin ƙofa, rungume da kwalba.

"Ni ce nake lalata madarar. Ba na wanke kwalba. Ina zuba sabuwa a kan ta jiya. Ina kafa baki. Ina sa ta a ƙofar firji. Baba ba shi da laifi ko kaɗan."

Mama ta karɓi kwalbar, ta ɗaga ta a rana. Ga dattin tsohuwar madara nan ya yi zobe a gindi.

Walƙiya ta runtse ido, tana jiran hadari.

Amma Mama ba ta kalle ta ba tukuna. Ta juya ga tsohon, ta rusuna.

"Baba, ka yafe mini. A gaban mutane na ci maka fuska, a gabansu nake ba ka haƙuri. Ni ma da laifina. Da ma na duba cikin gidana kafin in ɗaga murya."

Baba ya share ido da bakin rigarsa. "Ba komai, 'yata. Wallahi jiya ko abinci ban iya ci ba." Ya dubi Walƙiya. "Sarkin sauri, yau kin yi saurin da ya fi kowane amfani. Allah ya yi miki albarka. Na gode."

"Ni ce da godiya, Baba. Ka yi haƙuri."

"Ni dama na ce tawa lafiya lau take!" in ji Mai Kitso, tana miƙa kwanonta.

"Ke kuma ai duk inda iska ta kaɗa nan kike," in ji Mama. Har Baba sai da ya dara.

A cikin gida dai hadarin ya sauka. Mama ta yi faɗa sosai, ta ce wankin kwanukan mako duka na Walƙiya ne. Da ta huce, ta jawo ta jikinta.

"Kin ɓata mini rai da ƙiwa. Amma kin hana ni zaluntar mutum. Na gode miki."

Yamma ta yi, Mama ta shigo da ɗan buroshi mai dogon hannu, na wanke kwalba. Tun daga ranar Walƙiya ke wanke kwalba da ruwan zafi da sabulu, ta kife ta bushe. Ta zuba madara bayan ta huce, ta rufe ruf, ta tura ta can cikin firji. Ta ma hana Yaya leƙe-leƙensa.

"Yaya, rufe! Ba kowa a ciki!"

Madara ta daina tsinkewa. Har yamma tana nan garau. Kaka ta koma sha safe da yamma, ƙarfinta ya dawo, har tana zagaya tsakar gida ba sanda.

Ragowar kuwa, Kaka ta yanke hukunci. Duk abin da ya rage da yamma, Walƙiya ta tsiyaya a kofi ta shanye.

"Ga albarkarki nan," in ji Kaka. "A ciki ake ajiye ta, ba a gindin kwalba ba."

Walƙiya ta gode wa Malama da ta buɗe mata ido. Ta gode wa Kaka da ta ƙi ara mata baki. Ta kuma koyi abu biyu. Madara na son tsabta, da murfi, da sanyi, kuma ba a haɗa sabuwa da tsohuwa. Sannan in ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, kafin wani ya ɗauki laifin da ba nasa ba.

Da safe babur ya tsaya. Baba ya auna madara, ya ƙara rabin ludayi a kai.

"Wannan na sarkin sauri ne," in ji shi. "Amma a kofi!"