Ƙofar Ɗakin Auta

"Ba zan iya cirewa ba, Baba. A yi mini afuwa."

Ina tsaye a bakin kicin na ji maganar ta fito daga bakin Kafinta, mutumin da saura wata biyu a ɗaura mana aure. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin wanda ya ce wa Baba a'a ba, balle mai neman 'yarsa.

Baba tsohon hedimasta ne, da ya yi ritaya sai ya mayar da gidanmu aji. A wurinsa yabo ɓata yaro yake yi. Ranar da Auta, ƙanwata mai shekara sha shida, ta faɗi darasi biyu a jarrabawa, ya daina amsa gaisuwarta. Sati uku kenan. Yau kuma ya kira Kafinta ya cire ƙofar ɗakinta, wai a ga abin da take yi a ciki maimakon karatu.

Baba ya zare tabarau. "To kwashe kayan aikinka. Maganar auren ma a jingine ta."

Na bi Kafinta har bakin titi ina huci.

"Haba masoyi, ƙusa shida ce fa! Ka cire, in ya huce ka mayar..."

Sai ya dubi kunnena. "'Yan kunnen nan ba na Auta ba ne?"

"Jiya ta ba ni."

"Sai me kuma ta bayar?"

Na shiga lissafi. Jakarta ta ba 'yar maƙwabta. Littafin zanenta da ko taɓawa ba ta yarda a yi, na tsince shi a kan gadona. Har cewa ta yi in yafe mata, na yi dariya na ce ko tafiya za ta yi?

"Haka ƙanena ya yi," in ji Kafinta. "Babanmu na fushi da shi, ya raba kayansa, muka ce yaro ya yi hankali. Na ga alama amma na kama bakina, kada a ce na yi wa babba rashin kunya. Sati bai zagayo ba ya kashe kansa. Ina sonki, zuciyata, Allah ya sani. Amma gara in rasa ki da in sake yin wannan shirun."

Ni ba mace ce mai tsayawa kuka ba in akwai abin yi.

"Koma ka faɗa wa Baba haka, ko zai kore ka sau goma."

Na wuce ɗakin Auta na turo ƙofa. Tana zaune a ƙasa, ɗakin fes, duk ta cire zane-zanenta daga bango. Na zauna na riƙe hannunta, ban yi kwana-kwana ba.

"Auta, kina tunanin kashe kanki?"

Ta kalle ni, hawaye suka ɓalle mata.

"Yaya... in ba ni, ai Baba zai huta da abin kunya."

Na rungume ta ƙam, tsoro da haushin kaina suka cika ni. Daga falo muna jin muryar Baba sama-sama, ta Kafinta ƙasa-ƙasa. Can sai tsit.

Sai aka ƙwanƙwasa. A gidanmu Baba ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, bankaɗawa yake yi.

"Auta... Babanki ne. In shigo?"

Ta ce, "Shigo."

Ya shigo da tabarau a hannu, idanunsa jajir. Tsohon da gwiwa ke damu ya durƙusa a gabanta.

"Gobe da kaina zan kai ki wurin likita, Yayarki da mijinta su raka mu." Da na ji ya ce mijinta, na gane maganar aurenmu ta dawo. "Jarrabawa ko goma kika faɗi, a sake. Ke ce ba ni da madadinki."

Auta ta sunkuyar da kai. Sai ta faɗi abin da ta yi sati uku tana faɗa wa bayansa.

"Baba, ina kwana."

La'asar ce sakaliya, amma babu wanda ya gyara mata.

"Lafiya lau, Autata," ya ce yana kuka. "Lafiya lau. Kin tashi lafiya?"