Rumbun Inna Tabawa

Da hantsi, a hawa na goma sha bakwai na Babban Rumbun Birnin Marke, wani ɓera ya leƙo daga bayan buhunan dawa. Bai kai ga taku uku ba Ɗan-Sintiri ya gan shi. Na'urar ba ta fi zomo girma ba, ƙafafunta shida masu tafin roba, ko a kan kwano take tafiya ba ka jin motsinta. Idonta kuwa ɗumin jiki yake gani, don haka duhu da haske duk ɗaya ne a wurinta. Ta matso, ta miƙa wani siririn tsinke, lantarki ya yi ƙyas, ɓera ya miƙe ƙafa. Fitilar bayanta ta kawo kore, ta aika lamba ofis: ɗari uku da goma sha biyu tun wayewar gari.

Injiniya Rilwanu, wanda ya ƙera ta, yana zaune gaban allo yana kallo, bakinsa ya ƙi rufuwa. Shekara bakwai ya yi yana fama da wannan 'yar na'ura, har furfura ta fara leƙo masa a gemu, ga shi yau ta yi abin da aka ce ba za ta iya ba.

A shekarar 2091 ake. Tun da rairayi ya cinye ƙauyukan arewa da birnin, jama'a suka dawo Marke da kayansu da dabbobinsu. Noma ya koma saman gidaje, kowane soro da 'yan kunyoyinsa, hatsin gari kuma ana tara shi a dogayen rumbuna masu hawa arba'in. Inda hatsi ya taru ɓeraye suka taru, maguna kuma suka biyo su. Ba na kowa ba ne waɗannan maguna. A lungu ake haihuwarsu, a kan katanga suke girma, su ci abin da suka samu.

Rigima a kansu ta daɗe. Wasu na cewa su ne masu gadin gari, wasu na cewa ɓarayi ne masu gashin baki. Shugaban masu wannan ra'ayi na biyu shi ne Malam Ɗanliti, mai kiwon tantabaru a Unguwar Ƙasa, wanda ba a taɓa yin taron unguwa bai tashi ya lissafa 'yan shilar da muzurai suka cinye masa ba. Majalisar birni ta gaji, ta ce Rilwanu ya bincika.

Ya kuwa bincika da gaske. Ya rataya wa mage ɗari biyu ƙananan kyamarori a wuya har wata uku. Abin da ya gani bai yi wa maguna daɗi ba. Mage ɗaya sai ta yi kwana tara kafin ta kama ɓera guda, kuma ɗan ƙarami. In ta haɗu da gafiya sai ta kau da kai kamar ba ta gan ta ba. Ƙadangaru da tsuntsaye da 'yan tsaki su ne abincinta, sauran lokacin kuma barci. Ranar da ya karanta wannan a gaban majalisa, Malam Ɗanliti har da tafi.

Kashe su dai ba wanda ya yarda, don mutanen Marke ba sa son ɗaukar alhakin mage. Sai aka yanke cewa a kwashe su, a yi musu allurar hana haihuwa, a kai su wani zango can cikin daji, tafiyar yini guda a mota. Za a kewaye birni da katangar sauti, wani siririn kuka da kunnen mutum ba ya ji amma mage ba ta iya tsallake shi. Gadin hatsi kuma ya koma hannun Ɗan-Sintiri.

Ana saura kwana biyu a fara kwashewa Rilwanu ya je gaishe da mahaifiyarsa. Inna Tabawa tana zaune a tsohon gidansu na Unguwar Ƙasa, ta ƙi komawa benensa duk da roƙon da ya sha yi. Ya same ta da sassafe tana zuba ragowar kindirmo a wani fasasshen kasko, maguna biyar sun kewaye ta. Babbarsu wata tsohuwa ce mai launin toka da kunne ɗaya a yage, ita ce ke fara sha kafin sauran.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi. Da yana ƙarami "kai" take ce masa, da ya gama karatu ta samu sauƙi.

"Injiniya, na ji an ce kai ne ka yi wa maƙwabtana sharri a majalisa."

"Inna, ba sharri ba ne, bincike ne. Ba sa kama ɓera."

"To ai ban ce suna kamawa ba."

"To me suke yi miki?"

"Suna nan," in ji ta. Ta shafa bayan tsohuwar magen da ƙafa. "Shekara goma sha ɗaya wannan tana kwana a gindin rumbuna. Ban taɓa ganin ta da ɓera a baki ba, ban kuma taɓa ganin kashin ɓera a rumbun ba. Kai da ka yi karatu sai ka haɗa mini lissafin."

Ya yi dariya, irin dariyar da masu ilimi ke yi wa tsofaffi. Ya ce in tana son wannan ɗin zai nema mata takardar izini ta riƙe ta a ɗaki.

"A ɗaki? Ai ba tawa ba ce da zan kulle ta. Ita ta zo da ƙafarta."

Rumbun da take faɗa ɗan ƙarami ne na laka, a bayan ɗakinta, bai kai tsayin mutum ba. Abin da ke cikinsa shi ne duk abin da ya rage musu na ƙauyensu, Tudun Gamji. Mahaifin Rilwanu, marigayi Malam Isyaku, ya yi shekara talatin yana zaɓen zangarniyar gero mafi saurin nuna, har ya fitar da wani iri da ke nuna cikin kwana hamsin ko ruwa ya yi gardama. Gajeren Malam ake kiransa. Da rairayi ya kore su, Inna Tabawa ta fito da dami biyu a ka, ta bar tukwanenta da gadonta. Tun daga nan kowace damina take shuka shi a saman soronta, ta ware mafi kyau ta barbaɗe da toka ta mayar rumbu. Malam ya rasu shekara tara kafin su baro ƙauye. Ba ta da hotonsa, ba ta kuma san inda kabarinsa yake ba a ƙarƙashin rairayi, geron nan kaɗai take da shi. Ba wani gida a Marke da ke da wannan iri.

Aka kwashe maguna cikin mako guda. Ranar da motar ta zo Unguwar Ƙasa, Inna Tabawa ta shige ɗaki ta saki labule.

Akwai wani abu game da Ɗan-Sintiri da ya kamata a sani. Ba ya gadin wuri sai wurin yana cikin taswirarsa, kuma wuri ba ya shiga taswira sai an rubuta adadin hatsin da ke ciki. Saboda haka aka tura na'urar rajista gida-gida tana tambaya. Da ta zo ƙofar Inna Tabawa ta ce mata cikin ladabi ta faɗi yawan abin da ke rumbunta.

Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa. A Tudun Gamji ba a yi wa mutum wannan tambayar. Ko miji ba ya leƙa rumbun matarsa, kuma wanda ya faɗi adadin irinsa da baki ana ganin ya kori albarkar da ke ciki.

"Sai godiya," ta ce.

Na'urar ta sake tambaya, ta sake ba ta wannan amsa. A karo na uku ta ɗauki tsintsiya. Na'urar ta bar gurbin lamba babu komai, ta wuce gida na gaba.

Rilwanu ya san wannan al'ada sarai, a cikinta ya tashi. Da ya zauna ya yi tunani na minti ɗaya da ya san abin da uwarsa za ta ce wa na'ura. Sau biyu ya yi niyyar tambayarta ko an rubuta rumbun, sau biyu kunya ta riƙe masa baki, don ɗan fari ba ya tsare uwarsa da tambayar abin da ta ajiye. Ya ce a ransa ai na'ura ta zagaya ko'ina.

Wata huɗu allon ofishinsa yana kore shar. Manyan rumbuna suka tsarkaka, aka ba shi lambar yabo, tantabarun Malam Ɗanliti suka cika sararin unguwa. Abin da allon bai nuna ba shi ne inda ɓerayen da suka tsira suka nufa. Ɓera ba wawa ba ne. Da ya gane akwai wuraren da ake mutuwa, sai ya nemi wuraren da ba a mutuwa. A da warin mage kaɗai ya isa ya sa shi canza hanya, ko da magen barci take yi. Yanzu ruwa da rana sun wanke wannan warin daga kowace katanga. Kyamarorin Rilwanu sun ƙirga ɓerayen da maguna suka kama. Ba wanda ya ƙirga waɗanda suka fasa zuwa.

Ranar da hadarin farko ya haɗo, Malam Ɗanliti ne da kansa ya kira shi. Muryarsa babu wannan kaifin na taron unguwa.

"Injiniya, ka zo gida yanzu. Tsohuwa ta buɗe rumbu."

Ya same ta zaune a ƙasa, faifai a cinyarta. An huda gindin rumbun ta baya, ramuka uku. A ciki babu komai sai soshiya, ƙaiƙayi, da baƙin kashin ɓera da ya kai tudun hannu. Ba ta kuka. Tana ta sheƙa abin da ta kwaso, tana tsintar wani abu da yatsu biyu tana ajiyewa a gefen zane. Malam Ɗanliti na tsaye jikin bango da hula a hannu, ya ce shi ma ɓeraye sun cinye masa ƙwai da 'yan shila fiye da abin da muzurai suka taɓa ci, amma ya yi shiru da ya ga ba lokacin wannan ba ne.

Rilwanu ya buɗe taswira a wayarsa. Duk layin gidajen kore ne. Gidan mahaifiyarsa kuwa fari ne fat, kamar fili.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa wa na'urar ba?"

"Me ya sa kai ba ka tambaye ni ba?" Ba ta ɗago ba. "Mai yagaggen kunnen nan ba ta taɓa tambayata ko dami nawa ne ba."

Ƙwaya goma sha tara ta tsinto. Ta ƙulle su a bakin zane, ta kwance, ta zuba masa a tafin hannu.

"Kai da injinanka, ai ba za ka rasa dabara ba."

Wannan maganar ta fi zagi ciwo, don da gaske take faɗa. Ya kai ƙwayoyin ɗakin gwaji, ya duba su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi. Ɓera yana fara cin idon ƙwaya ne, wurin da tsiro ke fitowa, don nan ne mai maiƙo. Goma sha shida babu ido. Ukun da suka rage ya sa su a cikin akwatin tsiro mai daidaita ɗumi da laima, ya zauna gabansu kwana takwas. Suka kumbura, suka yi furfura, suka ruɓe.

Ya ɗauki mota ya tafi zangon maguna, shi kansa bai san amfanin tafiyar ba. Mai gadin wurin ya ce yawancinsu sun watse cikin daji tun watan farko. Wata mai launin toka da yagaggen kunne? E, ya tuna ta, ita ce ta ƙi cin abinci, kullum tana zaune tana fuskantar kudu, wajen birni, wata safiya aka neme ta aka rasa. Rilwanu ya dawo ta bakin katangar sauti, ya bi ta a ƙafa har la'asar yana duba gindin kowane turke. Ya ga ƙasusuwa da yawa, duk a ɓangaren waje. Bai iya gane nata ba.

Washegari da safe ya shiga gida. An yi ruwa, ƙasa na ƙamshi. Ya hau soro ya tarar ta riga ta ja kunya huɗu da 'yar fartanyarta, ta yi ramukan shuka a jere, guda goma sha tara. Ta dubi hannunsa, ta dubi fuskarsa. Hannun babu komai, sai hawaye suka zubo masa, mutum mai shekara arba'in da shida.

"Rilwanu," ta ce, "bari haka nan."

Tun da yake bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya durƙushe cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya gwammace da ta ci gaba da ce masa Injiniya har ƙarshen ransa.

Ta sauka a hankali tana dafa bango. Ta ɗauko ƙwaryar kindirmo, ta zuba a fasasshen kaskon nan kamar yadda take yi kowace safiya tun ranar da aka kwashe magunan. A lokacin ne wani Ɗan-Sintiri ya shigo tsakar gidan, don tun a ɗakin gwaji Rilwanu ya sa gidan a taswira da hannunsa. Ya zagaya rumbun, ya leƙa ramukan uku, ya tsaya a kan kaskon ya haska nonon da idonsa. Bai ga ɗumin komai ba. Fitilarsa ta kawo kore, ya koma gindin rumbun, daidai inda magen take kwanciya, ya fara gadi.