Wanda Ya Sa Min Tsuntsu a Kwamfuta

Da hantsi na shiga caji ofis ɗin unguwarmu a Palakkad. Na buga lemata a kan teburin Sufeto Kuriyakos har shayinsa ya fantsalo.

"A kama min jikata."

Ya ɗago kai, ya goge gashin bakinsa. "Sannu, Ammumma. Zauna tukuna. Me ta yi?"

"Ba zama ya kawo ni ba. Ta kashe min kwamfuta."

Kofur ɗin da ke bakin ƙofa ya fara dariya. Na juya na kalle shi, ya haɗiye abarsa.

Sunana Tankamani, amma yaro da babba Ammumma suke ce min, wato kaka. Marigayi mijina direban babbar mota ne. Ɗana da ke aiki a Maskat ya aiko min da kwamfuta don mu riƙa ganin juna, sai na gano wasan tseren manyan motoci a cikinta. Na sa ya ƙaro min sitiyari. Ban san harafi ko ɗaya ba, amma na san hoton da zan danna, kuma na iya shan kwana. Ranar Lahadi mai zuwa ce karawar ƙarshe a gasar unguwa, tsakanina da tsoho Welayudan, tsohon direban bas, wanda ke yawo yana cewa mace ba ta riƙe sitiyari.

"Na je Tirishur wajen ƙanwata," na ce wa Sufeto. "Na dawo na kunna, babu Tagata, babu hoton motar mijina, babu wasa. Sai wani ƙaton tsuntsu mai farin ciki ya zauna yana kallona."

"Wato an cire Windows, Tagar taki, an sa Linux. Tsuntsun alamarta ne."

"Ka ce da ita yadda ka ga dama. Jikata Niranjana ce. Tun bara take damuna da tsuntsun nan."

Sufeto ya ɗauki hularsa. Idonsa har ƙyalli yake yi. "Wane irin sitiyari ne?"

"Mai fedal uku."

"Kofur, kawo mota."

Da muka isa gida bai kalli tsuntsun sosai ba. Sai ya durƙusa ya leƙa bayan akwatin kwamfutar, ya haska da fitilar wayarsa.

"Ammumma, wayar nan da ke zuwa allo, a nan sama take shiga dama?"

"A ƙasa take. Kullum ina share wurin."

"To a ƙasan babu komai sai rami."

Ya ciro sukudireba daga aljihu ya buɗe murfin. Tsakiyar akwatin fayau. Wani dogon abu mai fanka biyu da ke zaune a wurin ya yi ɓatan dabo.

"An sace miki katin hoto," ya ce. "Shi ke sa wasa ya yi gudu. Ya fi duk sauran kayan cikin nan tsada. Ba don shi ba, motarki ko tashi ba za ta yi ba, da Taga ko da tsuntsu."

Na zauna a bakin gado. "Ashe har sata ta koya?"

"Ban ce ita ce ba." Ya ƙara matso da fitilar. "Waɗannan ɗige-ɗigen fa, rawaya da ja, da ke ko'ina a ciki?"

"Kwaɓin itacen sandal mai ƙamshi ne da jan gari mana. Na bikin sa wa kayan aiki albarka da ya wuce. Kowa ya shafa wa babur ɗinsa da keken ɗinkinsa, ni sai in bar tawa motar ba albarka? Na sa Niranjana ta buɗe min. Tana ta ihu wai ruwa zai ƙona injin. Na ce injin motar kakanki bai ƙone ba."

Sufeto ya yi murmushi.

Muka tarar da Niranjana a makarantar da take koyar da kwamfuta, lokacin tara, tana cin shinkafa da miyar kwakwa daga kwanon gida. Tana ganina da 'yan sanda ta miƙe.

"Ammumma! Da gaske ƙarata kika kai?"

"Da ƙarya ce za ki gan ni nan? Mara kunya."

"Malama," Sufeto ya ce, "kin shiga gidan lokacin da ta yi tafiya?"

"A'a, Yallaɓai."

"Mai shayin bakin layi ya ce ya gan ki kin shiga da kwali."

Ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ka gani ko! Sa mata ankwa."

"Na shiga," ta ce a hankali. "Amma ban taɓa kwamfutar ba. Kwalin yana ƙarƙashin gadonta. Sandar giya ce ta sitiyarin. Na so in ba ta ranar Lahadi kafin gasa."

Na sauke lemata ƙasa.

Sufeto ya nuna mata hoton allon da ya ɗauka da waya. Ta kalla, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Yallaɓai, wa ke sa wannan? Linux ba ta zuwa da tsuntsun nan a fuska, sai dai mutum ya nemo hoton ya manna da hannunsa. Kuma wannan irin ta masu koyo ce, ni ba ita nake amfani da ita ba. Sannan ka ce ta buɗe ba lambar sirri? Ni da nake hana ɗalibai maki a kan lambar sirri?"

"Wannan kam gaskiya ne," na ce. "Ta ishe ni da lambar sirri. Na ce mata sirrina a cikina yake."

"Kuma in share hoton motar kakana?" in ji Niranjana. "Haba, Ammumma. Ina son ki koma Linux, ban musa ba. Kyauta ce, taki ce, ki juya ta yadda kike so. Amma da baki nake roƙon ki."

"Kyautar da ba ta tuƙa mota ki riƙe abarki."

"Tana tuƙawa! Sau nawa zan gaya miki?"

Sufeto ya ɗaga hannu. "Ku ajiye wannan. Ni ma a gidana yaƙin da ake yi ke nan, ni ina Windows, matata tana Linux, mun raba ɗaki saboda shi. Ammumma, wa ke da makullin gidan ban da ita?"

"Sai Prajish, ɗan hayan sama. Shi ke ba wa shukokina ruwa in na yi tafiya. Amma ka bar wannan, yaron kirki ne. Ɗan Taga ne kamar ni. Duk lokacin da muke faɗa da 'yar nan, bayana yake bi."

"Yana wasa?"

"Yana yi, amma kwamfutarsa gurguwa ce. Kullum yana ƙofata, 'Ammumma, ki ba ni zagaye ɗaya a taki.' Tun da na dawo kuwa ko sau ɗaya bai dame ni ba. Ka ga mai hankali."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Sufeto ya kalli kofur, kofur ya kalli sama.

Tun daga matakala muke jin rurin injin da harbe-harbe. Sufeto ya ƙwanƙwasa. Rurin ya ɗauke. Prajish ya buɗe, ƙato da shi, ya kusa talatin, yana aiki a wani shagon sayar da taya, da abin sauraro rataye a wuya.

"Ah, Ammumma! Yallaɓai! Ku shigo. Na ji abin da ya faru, raina ya ɓaci. Na sha gaya miki, mutanen Linux ɗin nan ba su da imani. Su dai su ga kowa ya bi addininsu."

"Ka iya sa Linux?" Sufeto ya tambaya.

"Ni? Ko kyauta aka ba ni ba na taɓawa. Baƙin allo da rubutu, kamar mai aikin banki."

"Madalla. Wace kwamfuta ce wannan mai kyau haka?"

Akwatinsa mai gefen gilashi ne, fitilu ja da shuɗi suna ta walƙiya a ciki kamar motar ɗaukar amarya. Sufeto ya ja kujera ya zauna, ya taɓa wasan. Hoton yana tafiya sumul.

"Kai! Tawa ma ba ta yin haka. Sabon kati ka saya?"

"Eh, Yallaɓai. Na hannu ne. Wajen wani abokina a Kwambato."

"Sunansa?"

"Sunan... mu dai Injiniya muke ce masa."

"Yaushe?"

"Ya kwana biyu. Tun kafin damina."

"Tun kafin damina kana da wannan kake roƙona zagaye?" na ce.

Ya yi dariyar yaƙe. "Ai don sitiyarinki ne, Ammumma."

Sufeto ya kashe kwamfutar ya zare gilashin. Na matsa kusa. Katin dai ga shi, dogo mai fanka biyu, amma bayansa tas, har sheƙi yake yi. Babu sandal, babu ja.

"Kin gani?" Prajish ya ce. "Irinsa dubu ne a kasuwa."

"A ina kika ɗiga masa, Ammumma?" Sufeto ya tambaya.

"Uku a sama. Su ne 'yar nan ta yarda da su tana kumbure-kumbure." Na gyara zanina. "Da ta juya neman tsumma, na cusa yatsa ta ƙarƙashi na ƙara masa ɗaya a ciki. Mota ba a shafa mata a goshi kaɗai, har ƙarƙashi ake yi."

"Ammumma!" Niranjana ta ce daga bakin ƙofa.

Sufeto ya kwance katin ya juya shi. A lungun da ke tsakanin fankokin biyu, ga ɗigon sandal ya bushe, da jan gari a tsakiya, har da zanen yatsana.

Prajish ya zauna daɓas a kan katifa.

"Aro na yi, Yallaɓai. Na rantse aro ne. Akwai gasar da nake so in shiga. Na ce in na ci zan mayar."

"Tsuntsun fa?"

"Na san in ta ga wasan ya ƙi tashi a Windows za ta kira mai gyara, a buɗe akwati. In ta ga Linux kuwa, ba za ta nemi wani dalili ba. Malama za ta zarga." Ya share hanci. "Sai da na kalli bidiyo kafin na iya sawa. Ashe ma ba wuya."

"Na gaya muku!" in ji Niranjana.

Na ɗaga lemata, kofur ya riƙe ta da sauri.

"Munafuki! Ka ci kifina, ka sha shayina, ka zagi tsuntsu a gabana, ka koma ka kwana kana koyon sa! Ko Tagar da kake rantsuwa da ita ba ka ji kunyarta ba. Har ka sa na kai jikata ƙara."

Aka sa masa ankwa. Suna saukowa daga matakala duk unguwa ta fito, har tsoho Welayudan, yana tsaye da jarida a hammata.

"Tankamani, na ji motarki ta mutu. In kin janye ba abin kunya ba ne."

"Ka je ka sayo man zafi, ranar Lahadi za ka buƙace shi."

Katin nan shaida ce, in ji Sufeto, amma ya ɗauki hotonsa, na dangwala yatsa a takarda, ya ba ni abina. Da yamma Niranjana ta mayar da shi. Ashe tana da hoton motar kakanta a ajiye. Ta dawo min da Tagata, amma ja'irar ta ƙi fitar da tsuntsun gaba ɗaya. Ta raba musu ɗaki, in na kunna sai in zaɓa.

Na dafa mata kifi da tsamiya, irin wanda take so, na cika mata kwano har ya zuba.

Sufeto ya dawo wai zai ƙarasa rubuta bayani. Bai rubuta komai ba, sai kallon sitiyari yake. Na ba shi zagaye ɗaya. A kwana ta biyu ya jefa motar cikin kwari.

"Tashi, Yallaɓai. Kama ɓarawo ka iya."

Na zauna, na kama sabuwar sandar giyata. Motar ta tashi kamar an kore ta, na sha kwanar da ta kayar da shi ko birki ban taka ba.

"Kin gani?" na ce wa Niranjana. "Wannan ita ce Taga. Tsuntsunki zai iya haka?"

Ta cika baki da kifi, tana ƙoƙarin danne dariya. "Ammumma, a tsuntsun kike. Shi kika zaɓa da kika kunna."

Na kalli allo, na kalle ta. Kwana ta uku tana tahowa.

"To kar wanda ya taɓa min shi sai bayan Lahadi," na ce, na ƙara giya.